Ajiyar Yayana Tsakanin Dokoki Biyu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan zama, masu girma wakilan gwamnatocin nan biyu da Allah ya haɗa su iyaka, 'yan majalisa na nan da na tsallake, manyan jami'an 'yan sanda da na kwastan da na shige da fice, masu shari'a, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu na kowane ɓangare, 'yan jarida masu ɗauka da masu rubutawa, 'yan'uwana mata da aka jera can baya inda iskar fanka ba ta kaiwa, da sauran jama'a manya da ƙanana: assalamu alaikum, barkanku da war haka.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron, domin tun da na yi wayo ban taɓa ganin jami'an nan da na tsallake sun zauna a teburi ɗaya suna shan ruwa daga buta ɗaya ba. Ina kuma godiya ga ƙungiyar teloli da ta tura ni in yi magana da yawunta. Sun ba ni abin da zan faɗa, gaisuwa ce da fatan alheri, na isar. Abin da ya rage nawa ne, kada a tuhumi ƙungiya da shi. Ranka ya daɗe shugaba, na ga ƙararrawar da ke gabanka. In lokacina ya cika ka kaɗa ta, amma ina sanar da kai tun yanzu cewa kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Ni tela ce. Shagona yana jikin gidana, a kan hanyar da ta miƙe zuwa gada. Kayan makaranta nake ɗinkawa, na yaran nan da na yaran tsallake, shi ya sa da yawa daga cikin masu kakin da ke zaune a nan na san tsawon wandon 'ya'yansu. Tun safe nake sauraron masana suna bayani a kan ƙananan makamai, nawa ne ke yawo, ta ina suke shigowa, wace yarjejeniya aka sa wa hannu. Na ƙaru ƙwarai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗi abin da ya kawo ni. Ɗaya daga cikin makaman da kuke lissafawa yana cikin shagona. Bindiga ce mai baki biyu, tana tsaye cikin kabad, a bayan yadin kaki. Ba tawa ba ce, ban san yadda ake harba ta ba, kuma na rasa wanda zan ba ita.

Na ga wasu sun gyara zama. Ku yi haƙuri ku ji yadda ta zo, sannan duk wanda yake ganin kamu ne maganin abin, ga ni nan, ba inda za ni.

Bindigar ta Yayana ce, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne a tsallake, can ya yi aure, can ya haihu, can gonarsa take a bakin daji inda aladun daji ke yi masa ɓarna. Dokar tsallake ta yarda manomi ya riƙe irin wannan bindiga in yana da lasisi, kuma yana da shi, da lambar hukumarsu a jikin ƙarfen. Sai aka yi shela a can cewa za a shiga gida-gida a kwashe bindigogi, masu lasisi da marasa lasisi, sai an tantance a mayar wa masu gaskiya. Kowa ya san yadda mayarwa take. Wata hantsi ina cikin yanka, sai ga shi a kan babur da naɗin ledar tsakar ɗaki ɗaure a baya. Ya ce, “Ƙanwata, ki ajiye mini wannan zuwa ƙura ta lafa.” Na ce, “Yaya, leda ce take da nauyi haka?” Ya yi dariya ya ce, “Ke dai kin cika bincike tun kina yarinya. In an gama zagayen nan zan zo in ɗauka.” Na karɓa. Wace ƙanwa ce yayanta zai tsaya a bakin ƙofarta da amana ta ce ya juya?

Wannan ita ce magana ta farko da nake so wannan zama ya riƙe. Abin da Yayana ya yi ba shi ya fara ba. In aka ce za a yi bincike a tsallake, bindigogi su hayo nan su sauka gidan dangi. In aka ce za a yi a nan, su tattara su koma can. Suna tafiya cikin katifa, suna tafiya cikin buhun gawayi, suna tafiya cikin kayan masu tashi daga gida. Mu da muke jini ɗaya sai mu yi wata da watanni ba mu leƙa juna ba, amma bindigogin nan ba su taɓa yanke zumunci ba. Hukumar nan ta gama bincikenta ta ce ta tsabtace yankinta, hukumar tsallake ta gama nata ta ce ta tsabtace nata, kowa ya kira 'yan jarida, alhali kaya ɗaya ne ake ta kaiwa da komowa a kan gada. Ni a sana'ata, in tela biyu suka raba riga ɗaya, wannan ya ɗinka hannun dama yau, wancan ya ɗinka na hagu bayan wata uku ba tare da sun haɗa awo ba, mai rigar ba zai iya fita da ita ba. Haka dokokinku suke a jikinmu.

Yayana bai zo ya ɗauka ba. Ana gama zagayen aka tare shi a hanyar dawowa daga gona, aka harbe shi, aka tafi da babur ɗin. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan naku da suka riga mu. Ban san wanda ya yi ba, hukuma ma har yau ba ta ce ga shi ba. Abin da na sani shi ne, an yi wannan aiki a lokacin da aka ce an kwashe bindigogin yankin kaf. Ke nan wadda ta kashe shi ita ma akwai inda ta je ta sha iska har bincike ya wuce, kuma akwai wata ƙanwa ko wani suruki da ya ajiye ta da zuciya ɗaya kamar yadda na ajiye tawa. Wannan tunanin ne yake hana ni zama wuri ɗaya. Ina taka keke ina jin kamar kabad ɗin nan yana kallon bayana.

Yayana ya bar ɗa namiji, muna ce masa Dogo. Ba yaro ba ne, magidanci ne, makanikin injin ban-ruwa ne, matarsa tana da goyo. A hannuna ya yi firamare, ni na ɗinka masa wandonsa na farko na makaranta. Bayan an share makoki ya zo shago, ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce, “Gwaggo, na zo karɓar ajiyar Baba.” Na ce, “Me za ka yi da ita?” Ya ce, “Gado ce.” Na ce, “Na san gado ce. Na ce me za ka yi da ita?” Ya sunkuyar da kai yana wasa da almakashina, can ya ce, “Na san su, Gwaggo. Kowa ya san su.” Jama'a, na san idon yaron nan tun yana cikin tsumma, kuma abin da na gani a cikinsa ran nan ba kishin gona ba ne. Na ce masa sai an zauna rabon gado, kowa ya hallara, sannan in fito da ita. Na faɗi haka ne don in sami sarari. To rana ba ta ƙarya, an sa zaman, jibi ne.

Kada wani ya ce na zauna na naɗe hannu. Magana ta biyu ke nan, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Na tafi caji ofis ɗinmu na nan, na sami wani jami'i mai mutunci da nake yi wa 'ya'yansa ɗinki. Na ce, “Ranka ya daɗe, in mutum yana da bindigar da ba tasa ba, yana so ya rabu da ita, yaya zai yi?” Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya ce, “Mama tela, lambar wace ƙasa ce a jikinta?” Na ce ta tsallake. Ya dafe kai ya ce, “To ban ji ba, ke ma ba ki faɗa ba. Wa'adin afuwarmu ya wuce, kuma ko lokacin da yake buɗe bai shafi makamin wata ƙasa ba. In kika ɗora ta a kan kantar nan, a dokarmu fasa-ƙwaurin makami ne, dole in rufe ki, kuma ba ni da ikon sakinki.” Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya gaya mini, dokar da aka ba shi ke nan.

Na hau gada na tafi caji ofis ɗin tsallake. Can kuma aka karɓe ni hannu biyu, har da kujera. Jami'insu ya ce, “Ai mu afuwarmu a buɗe take, Hajiya. Kawo ta kawai, ba tambaya, mu soke sunan mamacin.” Na ce, “Alhamdu lillahi. To ku zo ku ɗauka.” Ya ce, “Ba mu da hurumin tsallaka gada da kaki.” Na ce, “To in na ɗauko, shingen ɓangarenmu fa?” Ya buɗe hannu ya ce, “Wannan kuma tsakaninki da mutanenku.” Na fito na tsaya a tsakiyar gada ina kallon ruwa, gaba kura baya sayaki. A dama ana son bindigar amma ba a iya zuwa ɗauka, a hagu ana iya zuwa ɗauka amma sai an haɗa da ni.

Na san abin da wasu ke rayawa a zuci: me ya hana ki jefa ta a kogi ki huta? Na yi wannan tunanin. Amma a takardun tsallake bindigar nan tana nan da sunan Yayana, kuma dokarsu ta ce in mai lasisi ya mutu, iyalinsa su kawo ta ko su amsa tambaya. In na nutsar da ita, matar Yayana, wadda hawayenta bai bushe ba, ita za a ɗauka a je a tsare. Ban da haka, rani na zuwa, ruwa na janyewa, kuma yaran unguwarmu babu abin da ba sa tsamowa daga ƙasan gadar nan. Na je wurin mai walda na ce ya yanka mini wani ƙarfe gunduwa-gunduwa. Da ya gane ko wane ƙarfe ne, ya ce, “Mama, ina da 'ya'ya bakwai, ki rufa mini asiri.” Maigidana ya ce in mayar da ita yadda ta zo, cikin leda, in ba yaron kayansa, mu fita daga bakin mutane. Wato hanya ɗaya ce tak a buɗe, mai sauƙi, wadda ba shinge ba tambaya, ita ce in sa bindiga a hannun wanda zuciyarsa ke tafasa. Duk hanyar da za ta kai ta hannun hukuma a toshe take. Masu girma 'yan majalisa, ku kuka rubuta dokokin nan, ina roƙonku ku gaya mini ko haka kuka nufa.

Magana ta uku gajeriya ce. A nan, ko harsashi ɗaya aka samu a aljihunka ka shiga uku. A tsallake ana sayar da harsashin farauta a shagon da ake sayar da igiya da ƙusa da maganin ɓera. Tsakanin wancan shago da ƙofar gidana, tsohuwa mai ciwon gwiwa ma tana zuwa ta dawo ba ta huta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa namu bangon ba tsagewa ya yi ba, tun farko ba a haɗa shi ba.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, domin in na tsallake ta na yi ha'inci. Ran da Dogo ya zo, da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Gwaggo, da tana hannunsa ran nan, da ba su iya masa ba.” Wataƙila gaskiyarsa ce. Wataƙila kuma da sun kashe shi sun haɗa da bindigar, yau tana hannunsu. Allah kaɗai ya sani. Amma jami'an tsaro, ku ji wannan da kyau: mutane ba don sha'awa suke ɓoye ƙarfen nan ba, tsoro ne. Duk wanda kuka ce ya miƙa makaminsa, kun ɗauki alkawarin za ku tsaya a inda makamin yake tsayawa. In kun karɓa kun koma bariki, kuka bar hanyar gona ba kowa, to wallahi ko dokar zinariya kuka rubuta, katifu za su ci gaba da yin nauyi a kan gada.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba roƙon ilimi ba ne, roƙon wadda abin ya ci ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za ku yi bincike, ku yi shi rana ɗaya, nan da tsallake, yadda ba inda kaya za su je baƙunta. In za ku yi afuwa, ku yi ta lokaci ɗaya, ta haɗa da mai bindiga da wanda aka ba ajiya, kowace lamba ce a jikin ƙarfen. Ku sa teburi ɗaya a tsakiyar gada, jami'in nan a gefe, jami'in tsallake a gefe, yadda mutum zai ajiye abin da ya dame shi ya juya gida ba tare da ya kwana a ɗakin duhu ba. Ku daidaita maganar harsashi. Ku kuma tsare hanyar gona. Na ji an ce za a kafa kwamiti ya duba, ya kawo rahoto a zama na gaba. Allah ya ba kwamiti sa'a. Ni dai ba ni da zama na gaba, jibi nake da shi.

'Yan'uwana mata na baya, na ga yadda wasunku suka sunkuyar da kai tun da na fara. Ba zan kira kowa ba. Mu ne masu ɗaki, mu ne masu ƙarƙashin gado, mu aka fi ba ajiya don an san ba a cika ɗaga katifar mace ba. Mu ne kuma masu zaman makoki in abin ya tashi. Kowace ta san abin da ke bayan kwanukanta. In aka buɗe ƙofar da nake roƙo, kada ku bar ni in shiga ni kaɗai.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga hannunka ya kai kan ƙararrawa. Saura magana ɗaya, kuma ba da manyan baƙi zan yi ta ba.

Dogo, na san kana ji na. Kai ka kawo ni a kan babur ɗinka, ka ce za ka jira ni a waje, amma tun ɗazu na hango ka tsaye a bakin taga. Na gaya maka taron teloli ne zan yi gaisuwa in fito, ka yafe mini wannan. Na kasa faɗa maka a shago, domin in ka tsuguna ka ce “Gwaggo” bakina mutuwa yake, shi ya sa na zo inda ba zan iya janye maganata ba. Ba zan ba ka bindigar nan ba. Ba jibi ba, ba bayan jibi ba. Gadonka ce, na sani, amana ce, na sani, kuma na san abin da ake ce wa wanda ya hana magaji hakkinsa. Na ɗauka. In ka ga dama ka daina gaishe ni, in ka ga dama ka kai ni ƙara wurin dangi, in an tashi kiyama ni da ubanka za mu yi wannan shari'ar, kuma na san abin da zan gaya masa. Na riga na binne yayana. Ba zan tsaya a kan kabarinka ba, ba kuma zan riƙa kai maka abinci gidan yari ina kallon ɗanka yana girma yana tambayar inda kake. Ka ji haushina ka rayu, ya fi mini.

Ku kuma masu kaki, na nan da na tsallake, yanzu kun ji da kunnenku a gaban shaidu, ba wanda zai ce bai ji ba, ni ma ba zan ce ban faɗa ba. Na zo da jakata, da zane na canji da maganin hawan jinina a ciki. In na sauka daga nan ba zan koma kujerata ba, zan tsaya a bakin ƙofar zauren nan. Ko dai mutum biyu su taso, ɗaya daga kowane ɓangare, mu tafi shagona tare su ɗauke ta yau, ko kuma mutum ɗaya ya taso ya tafi da ni. Kowanne kuka zaɓa, kabad ɗin nan zai wayi gari ba komai a cikinsa sai yadi.

Allah ya sa albarka a wannan zama, ya sa kada ya tashi a banza. Allah ya ba shugabanninmu na nan da na tsallake ikon haɗa kai a kan abin da zai tsare rayukanmu. Allah ya jiƙan waɗanda bindiga ta raba mu da su, ya sanyaya zuciyar waɗanda suka bari, ya kare 'ya'yanmu daga ɗaukar abin da ba za su iya ajiyewa ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, har da ni in ya so.

Na gode.